Wankan Nomau Ɗan Tauri

A ƙarƙashin dajin da ke gabas da Tudun Ƙirya akwai wani ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga cikin dutse yana tafasa, ba wuta a gindinsa, ba mai iza masa itace. Duk mai rai da ya shiga cikinsa da rauni, zai fito fatarsa ta haɗe sumul. Namun daji sun san hanyarsa, aljanu ma sun sani. Mutane ne kaɗai ba su taɓa zuwa ba, sai lokacin da gadu ya soki Nomau.

Nomau ɗan tauri ne. Tun yana yaro aka dafa shi, har ya zama ƙarfe ba ya cin jikinsa. An sara masa adda ta lanƙwashe, an goga masa wuƙa ta dakushe. Amma tauri maganin ƙarfe ne, ba maganin haure ba. Wata safiya ya tarar da wani ƙaton gadu yana tone masa rogo, ya jefe shi da mashi. Mashin ya shige a haƙarƙari, sandar ta karye. Gadun kuwa maimakon ya gudu sai ya juyo ya zuba masa haure a cinyar dama, sannan ya faɗa daji da kan mashin a jikinsa.

Bakin ciwon bai fi a sa ɗan yatsa ba, kuma nan da nan fatar nan mai tauri ta tsuke a kansa. Sai ciwon ya koma ci ta ciki. Cinya ta kumbura kamar turmi, ta yi baƙi tana ƙyalli, zazzaɓi ya rufe shi. Aka kira Kallamu wanzami, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

Kallamu ya ajiye zabirarsa ya ce, "Bawana, an ce alade ya kayar da kai. Da ka tsaya kana share mini ƙofar gida, da ba ka ga wannan ba."

"Mai askin jarirai, yi aikinka ka tafi," in ji Nomau, haƙoransa na kaɗawa.

Kallamu ya latsa kumburin, ya ji mugunya na motsi a ciki kamar ruwa a salka. Ya ce, "Abu kaɗan ne. In tsaga, in kafa ƙaho, ka tashi ka koma cika baki." Ya zaro aska ya ɗora ya ja. Bakin askar ya naɗe kamar ganye. Ya zaro wata, ta karye biyu. Ya ɗauko wadda ya gada wurin ubansa, ya ji fatar na tura ta, sai ya janye kafin ita ma ta lalace. A nan ne ya lura da wani jan zane da ya taso daga kumburin yana hawa wajen mara. Ya san wannan zanen. Duk wanda ya taɓa gani ya kai masa ciki, ba a daɗe ba aka kai shi makwancinsa.

Nomau ya ce, "Yaya ka yi shiru, kai da bakinka ba ya rufuwa?"

"Ina tunanin wanda zai gaji barandaminka ne," in ji Kallamu.

Baba Cindo, tsohon maharbin garin, yana zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ku bi gadun. Naman da aka raunata wuri ɗaya yake nufa. Na sha bin sawu har bakin ramin, ban taɓa samun zuciyar shiga ba. In kun isa, ku shiga yadda gadu ke shiga raminsa, da baya da baya. Wanda ya sa kai gaba, ƙasa kawai zai tarar."

Kallamu bai tsaya neman shawarar kowa ba. Ya naɗe cinyar da tsumma, ya rataya zabira, ya aza Nomau a kan jaki, suka bi busasshen jini a kan ciyawa. Duk inda suka tsaya sai ya ɗaga rigar Nomau ya duba jan zanen, kuma kullum sai ya ga ya ƙara hawa.

Sawun ya ƙare a gindin wani jan suri. Akwai rami a nan wanda bai fi bakin tulu ba, iska mai ɗumi na fitowa daga ciki da warin baragurbi. Jaki ya kafe, ya ƙi matsawa. Kallamu ya kwance igiyarsa, ya goyi Nomau kamar jariri, ya ɗaure tam.

"Ka ga abin duniya, yau ubangida ya goyi bawa."

"In na warke sai na fasa maka baki," in ji Nomau a kafaɗarsa. Zafin jikinsa na ƙona wa Kallamu baya.

Kallamu ya juya wa ramin baya, ya yi bisimilla, ya durƙusa ya fara ja da baya. Ramin ya buɗe ya karɓe su. Hasken duniya ya dinga ƙanƙancewa a gaban idonsa har ya koma kamar ƙwayar gero, sannan ya ɓace. Ya ci gaba da rarrafe cikin duhu, bai san abin da ke bayansa ba, kuma Nomau ne zai fara cin karo da ko mene ne. Can sai ya ji ƙasa ta yi faɗi. Ya miƙe ya juya.

Ga wata ƙasa shimfiɗe, samanta dutse ne, haskenta rawaya kamar na la'asar amma babu rana. Ƙasar da ɗumi kamar an kashe wuta a kanta. Hanya ɗaya ce ta miƙe, kuma duk ɗigon tsohon jini ne a kanta, na manya da na ƙanana.

Ba su yi nisa ba suka gangara wani kwari, sai ga ƙara ta taso kamar ana niƙa a gari duka. Ƙudaje ne. Sun rufe itatuwa, sun rufe duwatsu, har ba a ganin komai sai baƙi mai motsi. A tsakiyar hanya wani ƙuda kore ya tsugunna, girmansa ya kai na rago, yana murza hannuwansa.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam mai ƙafa biyu da kai biyu, ni ne Sarkin Ƙudaje, kuma wannan kwarin nawa ne. Sauke kayan da ke bayanka ka wuce lafiya. Namu ne. Mun jiwo ƙanshinsa tun kuna bakin rami."

Kallamu ya rusuna gwargwadon yadda goyo ya bar shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kaya ba ne. Mutum ne, da ransa."

"Rabinsa ne da rai. Ɗaya rabin ya riga ya zama abincin talakawana. Ba ma zalunci. Mu ci rabonmu, ka tafi da naka."

Ƙudajen suka fara sauka a kan ƙafar Nomau, suna neman bakin ciwon. Nomau ya yi ƙoƙarin korar su, hannunsa ya kasa ɗaguwa. Kallamu ya ce, "Sarki ba ya ci a tsaye a kan hanya. Bari in kai maka farkon rabonka inuwa." Ya kwance tsumman da ke cinyar, wanda ya jiƙe sharkaf da ruwan ciwo, ya dunƙule shi da dutse a ciki, ya wurga iyakar ƙarfinsa cikin ƙaya. Kwarin duka ya tashi ya bi tsumman, har da sarkin. Kallamu ya sheƙa da gudu, ƙafafun Nomau na dukan cinyoyinsa.

Muryar sarkin ta biyo su: "Ku tafi! Masu wucewa da yawa, masu isa kaɗan ne. Mu ba ma gaggawa."

Da suka hau tudu Kallamu ya sa hannu ta baya ya shafa. Kumburin ya wuce cinya, ya taɓa mara. Nomau ya fara sambatu, yana kiran karnukansa da sunayensu.

Gaba kaɗan suka iske wata rumfa a gefen hanya, da ramukan jima cike da ruwan bagaruwa, da igiyoyi an shanya fatu. Wani dogon aljani ya fito, hannuwansa na jan ƙasa, yatsunsa sun rine ja.

Ya ce, "Maraba da masu nisan tafiya. Ni ne Majemin ƙasar nan. Ruwan da kuke nema yana da sauran tafiya, kuma mai tsaronsa ba ta da sauƙi. Ni kuwa aikina na nan take ne. In zare masa wannan fatar kamar riga, in matse ciwon, in sa masa sabuwa. Ba na karɓar lada. Tsohuwar kawai zai bar mini." Ya miƙo yatsa ya shafa damtsen Nomau, idonsa na walƙiya. "Na daɗe ina neman fatar da ƙarfe ba ya ci. Mu nan ba abin da muke tsoro kamar ƙarfe. Garkuwa zan yi da ita."

Nomau ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kallamu, sauke ni. Na gaji. Bari ya cire."

Kallamu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da me za ka feɗe shi?"

Majemin ya miƙe babban yatsansa, sai ga farce ya fito kamar lauje.

Kallamu ya dubi fatun da ke kan igiya. Aikinsa ke nan tun tasowarsa, ya san fatar mutum in ya gan ta. Iska ta kaɗa, sai ya ga tsikar jikinsu ta tashi. Ƙuda ya sauka a kan wata, ta zabura.

"Ina masu waɗannan, ranka ya daɗe?"

"Suna hutawa."

Daga bayan zana wani abu ya rarrafo, an ɗinke shi cikin fatar akuya, amma idanunsa na mutum ne, kuma hawaye ke zuba daga cikinsu. Ya dubi Kallamu ya girgiza kai.

Majemin ya riga ya kama igiyar goyon. Kallamu ya cusa hannu a zabira, ya damƙo gutsattsarin askar nan da ta karye, ya watsa masa a ƙafa. Aljanin ya ƙwala ƙara ya yi tsalle baya kamar an zuba masa garwashi. Kallamu ya wuce a guje, bai waiwaya ba.

"Ka hana ni hutawa," in ji Nomau. "Mugu."

"Ka huta a fatar akuya? Ai da na kai ka kasuwa na sayar."

Daga nan hanyar ta cika da matafiya. Ga zaki yana ɗingishi da tafin hannu a kumbure, ga barewa kusa da shi da shatar tarko a wuya, ga kura wadda gobarar daji ta cinye wa gashin baya, ga mesa tana jan jiki rabi a saɓule. Ba mai duban wani, kowa ta kansa yake. Sai tururi ya fara rufe hanya, warin baragurbi ya yi ƙarfi, suka ji ƙarar tafasa.

Ruwan yana fitowa ne daga tsagar wani farin dutse, ya zubo cikin kwarmi, daga nan ya gangara wani kwarmin, haka har ƙasa. Na ƙasa ɗumi ne kawai, a nan namun daji ke kwance. Na tsakiya aljanu ne a ciki, waɗanda suka hau sama satar ji aka jefe su da taurari, bayansu duk ƙuna, suna nishi. A na can sama, inda ruwan ke zaɓaɓɓaka, wata tsohuwa ce zaune, ruwa ya kai mata ƙugu, gashin kanta tururi ne yana tashi. A bakin dutsen kuma ga gadun nan kwance, yana numfashi sama-sama.

Tsohuwar ta ce, "Ni ce Magajiyar Ruwa. Wane ne ya kawo mini warin ƙarfe?"

Kallamu ya sauke Nomau, ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, sunana Kallamu, wanzami ne ni. Wannan ɗan gwaggona ne. Haure ya shige shi, aska ta kasa fitar da abin da ke ciki. Mun zo neman arziki."

"Na san shi. Ga aikin hannunsa nan kwance. Ruwana ba ya haɗe fata a kan ƙarfe, kuma ba hannu a ƙasar nan da ke iya taɓa ƙarfe. Baƙona ya riga naka zuwa. In bai shiga ba, naka ba zai shiga ba."

Kallamu ya ɗauko askar ubansa ya matsa kusa da gadun. Gadun ya ɗago kai, ya ɗora ƙarshen haurensa a kan cibiyar Kallamu, ya bar shi a nan. Kallamu ya ji sanyin hauren ta cikin riga. Ya faɗaɗa bakin raunin a hankali, ya sa yatsu ya laluba, ya kama kan mashin. Gadun ya yi gurnani, hauren ya ɗan danna. Kallamu ya riƙe numfashi ya fizge. Jini ya biyo baya. Gadun ya janye kansa, ya ja jiki ya faɗa kwarmin ƙasa.

Magajiya ta ce, "Ka biya wa baƙona. Yanzu ku saurara, don ba na maimaitawa. Ruwan ƙasa ba zai ratsa wannan fatar ba, sai wannan da nake ciki. Kuma ba zai kai ga ciwon ba sai ya wanke taurin. Ɗan Adam, kana tsammanin saran da aka yi maka bai ci ba, ɓacewa ya yi? Yana nan ajiye. Duk wuƙar da ta taɓa bi ta jikinka, yau za ta ci. Daga ƙafa za su faro su yi sama, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe cikin ruwa, ruwa zai rufe shi. Wanda ya buɗe a iska, ba ruwana da shi."

Nomau ya dubi jikinsa. Zazzaɓin ma kamar ya sake shi.

Ta ce, "Ka taɓa ɗora wuƙa a wuyanka?"

"Kowace salla," in ji Nomau. "Da kowane taron farauta. Nan ne mutane suka fi so."

Kallamu ya kai ido wuyan Nomau. Ya sha tsayawa cikin taro yana kallon Nomau ya ɗaga haɓa yana goga wuƙa a maƙogwaro, mata na guɗa.

"To in sun iso wuya, sai ka nutse gaba ɗaya. Kai kuma wanzami, ka tsaya a waje. Ruwana rauni yake nema. In ya tarar da jiki lafiyayye, shi zai yi masa raunin, kuma abin da ya ƙona da kansa ba ya warkar da shi."

Nomau ya kamo hannun Kallamu, ya yi ƙasa da murya. "Ban taɓa sa kaina cikin ruwa ba. Ko a rafi iyakata gwiwa."

"Na sani, sarkin tsoro. Ko tauri ko rai, zaɓi ɗaya, zanen ya kusa cibiya."

Ya tuɓe masa riga, ya zura shi cikin kwarmin. Nomau ya ja iska ta haƙora. Ruwan ya kai masa ƙirji. Da farko ba abin da ya faru. Sai ƙwaurinsa ya tsage, jan jini ya taso, kafin ya baje ruwan ya share shi, fatar ta haɗe. Wani yankan ya buɗe kusa da shi. Sai gwiwa, sai cinyar hagu. Nomau ya ciji leɓe. Bai taɓa sanin yadda yanka yake ba, yau ga na shekara da shekaru suna zuwa a jere.

"Wannan addar abokin karawata Jatau ce," in ji shi da ƙyar. "Ashe da gaske ya sara."

Suka hau ciki. Nan ne ya fi yawa, don nan yake turawa a daka masa takobi. Ruwan ya yi ja ya washe, ya yi ja ya washe. Suka hau ƙirji. Nomau ya ƙara nutsewa har kafaɗa. Suka bi damatsa, suka dawo allon kafaɗa. Ruwa ya taɓa masa haɓa.

Kallamu ya ce, "Yanzu! Ja numfashi ka shige!"

Nomau ya dubi ruwan da ke tafasa a gaban hancinsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Kuma abu ɗaya ɗan tauri ya sani in tsoro ya zo. Sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga haɓa sama, ya buɗe murya:

"Sai ni Nomau, dutse mai cin wuƙa! Maƙeri ya ƙera, ni in lanƙwasa! Sai ni..."

Maƙogwaronsa ya buɗe a iska.

Kallamu bai san lokacin da ya ja aska a damtsensa ba. Ya cije ta a haƙora, ya faɗa ruwan, ya kama Nomau ta ƙeya ya danna shi ƙasa. Ruwan ya yi jajir. Nomau na shure-shure, yana yaƙushinsa. Kallamu ya sa yatsu a wuyansa, ya ji bakin yankan na matsowa, na matsowa, har ya haɗe. Ya ɗago shi. Nomau ya ja iska sau ɗaya, Kallamu ya ji fatar ta fara rawa a ƙarƙashin yatsunsa, ya sake danna shi. Wani yankan ya buɗe.

Sai Kallamu ya ji kamar an watsa masa tafasasshen mai daga ƙugu zuwa ƙirji. Ya dubi damtsensa. Yankan da ya yi wa kansa ya warke, ruwan ya juyo kansa. Ba shi da hannun da zai saki. Ya sunkuyar da kai, ya ja askar da ke bakinsa a kan kafaɗarsa. Zafin ruwan ya sauka. Ya ɗago Nomau, ya danna. Kafaɗa ta warke, ya yanki ɗaya kafaɗar. Wani lokaci yakan makara, ruwan ya ci rabonsa kafin askar ta kai. Ya daina sanin ko sau nawa. Abin da ya sani kawai shi ne wuyan da ke tsakanin yatsunsa: ya buɗe, ya haɗe, a ɗago, a danna. Shure-shuren Nomau ya fara raguwa, kuma wannan ya fi tsorata Kallamu.

"Kada ka mutu a hannuna, ɗan banza," yake faɗi ta gefen askar. "Me zan ce wa Gwaggo?"

Ya ɗago shi, ya jira rawar fatar. Ba ta zo ba. Ya ƙara jira. Wuyan na nan lafiya, taushi kamar na jinjiri. Nomau ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido.

Magajiya ta ce, "Taurin ya tafi. Saura abin da ya kawo ku. Yi sauri, wanzami, ruwana na jiran ka."

Kallamu ya sake yankar kafaɗarsa, ya jingina Nomau da dutse, ya lalubo cinyar a cikin ruwa. Nomau ya ga askar, ya ƙanƙame masa hannu.

"Tsaya. Za ta shiga?"

"Za ta shiga."

"Da zafi?"

"Jarirai ma suna daurewa."

Ya tsaga. Nomau ya ƙwala ihun da ya sa zakin da ke ƙasa ya ɗago kai. Mugunya ta yi tsiri cikin ruwa, baƙa da rawaya, da wani ɗan ɓallin haure a cikinta. Kallamu ya matse tun daga mara har gwiwa, ruwan zafi na shiga yana wankewa. Jan zanen ya dinga ja da baya yana sauka, har ya koma inda ya fito. Cinyar ta saɓe, bakin tsagar ya rufe.

Suka fito suka zube a kan dutse. Jikin Nomau ko tabo babu. Na Kallamu kuwa, daga ƙugu zuwa ƙirji duk ya yi bororo, wani wurin ya saɓule. Nomau ya dube shi, ya juya ga Magajiya.

"Ranki ya daɗe, a taimaka masa. A mayar mini da ciwona in ya zama dole."

"Na faɗa muku ba na maimaitawa. Zai warke yadda 'yan Adam ke warkewa, a hankali, da tabo. Ku bi baƙona, zai fitar da ku ta hanyar da ba ƙuda."

Gadun ya fito daga ruwa yana kakkaɓe jiki, ya shiga gaba. Suka bi shi ta wata tsaga, suka yi ta hawa har iska mai sanyi ta bugi fuskarsu. Suka ɓullo cikin wani surƙuƙin sarƙaƙiya, rana tsaka. Gadun ya ɗaga wutsiya ya shige daji.

Nomau ya taka sau biyu, ya daka tsalle ya riƙe ƙafa. Ƙarangiya ce ta kama shi a idon sawu. Ya cire ta, ya tsaya yana kallon ɗan jinin da ya tsatso.

Ya ce, "Kallamu, ashe da irin wannan fatar kuke yawo a duniya? Har kuna dariya?"

"Da ita," in ji Kallamu. Ya yi ƙoƙarin sa riga, ya kasa, ya riƙe ta a hannu. Ya dubi ƙayar da ta tare hanya ta kowane gefe, ya dubi ƙirjinsa, bai motsa ba.

Nomau ya karɓi zabirar ya rataya. Ya shiga gaba, ya kama reshen farko da hannu tsirara ya janye shi gefe. Ƙaya ta shige masa tafi, ya runtse ido, bai saki ba.

"Wuce," in ji shi. "A hankali."

Kallamu ya wuce. Nomau ya saki, ya zagayo gabansa, ya kama na gaba.